Sallar Zangon Kumasi da Gem Ɗin Yaranmu

Yaya, na ga abin da ka rubuta a kan hoton da na turo muku Jega, na yaran da suka cika falo ranar Sallah kowa ya zuba wa talabijin ido. Ka ce ashe mu a Gana Sallarmu gem ce kawai, har kana tambaya anya yaran nan Hausawa ne kuwa. Maganar ta tsaya mini a rai.

Idi mun je, an yi layya, an gaishe da manya, an kai nama gidajen maƙwabta har da Kiristocinsu. Tun zamanin Rawlings gwamnati take ba da hutun Sallah biyun. Hoton na bayan la'asar ne.

Gem ɗin kuma ba yau ya shigo Zango ba, da shi muka tashi. Goron Sallar da muka tara a yawo, rabi na waken da Hajiya ke sayarwa a bakin lungu ne, rabi na gidan gem. Ɗaki ne guda, benci biyu, Sega da talabijin mai ƙaton baya. In kaset ya ƙi tashi sai a zare shi a hura masa iska a mayar. Mortal Kombat muke bugawa, wanda aka kayar ya miƙa fad, wato abin dannawa, ga na bayansa, ga sabuwar shadda ta jiƙe da zufa. Da PlayStation ta iso sai gem ɗin ƙwallo na Winning Eleven ya karɓe gari. Mai sharhin da Japananci yake ihu, mu haddace muna maimaitawa ba mu san me yake cewa ba, kuma kowa ya san dabarar ɗauko Roberto Carlos daga baya a kai shi gaba saboda gudunsa. In aka ɗauke wuta ana tsakiyar wasa, wallahi har kuka wasu ke yi.

Ga abin da ba ka gani a hoto: a ɗakin gem ɗin nan akwai 'ya'yan Dagomba, Mosi, Kotokoli da Asante, amma musu da cika baki da sulhu duk da Hausa ake yi. Yaro Ba'asante ya zo buga ƙwallo, kafin wata Sallar ya iya "tashi ka ba ni wuri". Haka har yau a falona.

Na san inda tambayar ta dosa, uwarsu ce. E, Ba'asantiya ce, Musulma, kuma ita ke tashinsu sallar asuba. Suna jin Twi, suna jin Turanci, Hausarsu ta Zango ce, ba irin ta Kabi ba, in sun yi waya kuna musu dariya. Kakanmu da ya biyo fataken goro ta Yawuri har Salaga ai ba da mace ya taho ba, a nan ya yi aure, jininsa ne mu duka. Me ya sa namu auren ne kaɗai ake wa kallon ɓata?

Abu ɗaya ba zan ɓoye maka ba, Black Stars ta Gana suke ɗauka. A 2022 da aka tashi babu ci da Najeriya a filin Baba Yara na Kumasi, aka je Abuja aka yi ɗaya da ɗaya Gana ta wuce Kofin Duniya, gidan nan bai yi barci ba. Ƙasarsu ce, a nan aka yanke musu cibiya.

Ƙaramin ya ce in tambaye ka ko ɗanka yana da gem ɗin ƙwallo na eFootball a waya, yana so su kara ta intanet ranar Juma'a bayan an sauko. Ka turo mini amsa kafin nan. A gaishe da Inna da mutanen gida.