Amsa kan ƙarkon tsohuwar kyamara marar batir

Salamu alaikum jama'a. Malam, na ji saƙonka, ka ga Canon P ana sayarwa, kana tambaya ko kyamarorin renjifainda (na fim, waɗanda ake saita nisa ta haɗa hoto biyu a tagar leƙe) marasa batir suna da ƙarko da gaske. Ni dai na gane tambayar: in ka zuba kuɗinka za ta yi aiki, ko za ta zama ado a kabad?

To, ƙarfen ba ya mutuwa. Leica M3 ta fito 1954, Canon P 1959, har yau ana ɗaukar hoto da su, don cikinsu sifirin ne da haƙoran giya, babu wayar da za ta ƙone. Abin da ke tsufa giris ne, da labule (wanda ke buɗewa haske ya shiga fim ya rufe), da saitin ido (ma'aunin nisa na tagar leƙe).

Fara da giris. Ka ɗana ta, ka sa gudun labule a kan daƙiƙa 1, ka kara kunne ka danna. Mai lafiya za ta yi zzzz a jere, ta rufe tsaf. In ta ja ta tsaya a hanya, giris ya daskare. Wannan ba mutuwa ba ce, wanki take so: a kwance ta, a wanke tsohon mai, a ɗiga sabo kaɗan da bakin allura. Amma don Allah, don Annabi, kar a kai wa mai gyaran waya ko rediyo! Abin nan yana ci mini tuwo a ƙwarya. Mutum ya ga ta cije sai ya fesa mata WD-40, man feshin nan na sassauta tsatsa, ko man keken ɗinki. Ranar za ta saki, kowa ya yi murna. Bayan wata guda man ya malala ya hau labule, ya shiga tagar leƙe ya yi hazo, ga ƙurar hunturun Kaduna ta bi shi ta manne, ta koma tamkar yashi a cikin giya. Kyamarar da ta shekara sittin lafiya, feshi ɗaya ya gama da ita, sannan a ce wai tsohon kaya ba shi da amana. Ina rashin amana a nan? Kai, bari in bar wannan.

Labule kuma, ka cire lens, ka buɗe baya, ka shiga ɗaki mai duhu ka haska tocila ta gaba. Ka duba kafin ɗanawa da bayan ɗanawa, don labulen biyu ne. Na Leica da Zorki (kyamarar Rasha) kyalle ne mai roba, in ka bar lens ba murfi yana kallon rana, zai ƙona huji kamar na sigari. Na Canon P baƙin ƙarfe ne siriri, rana ba ta huda shi. Za ka gan shi da 'yar tamoji, yawancinsu haka suke, suna aiki, kar dai ka sa yatsa.

Sai idon. Hoto biyun nan da kake haɗawa a tsakiya, madubi ne da ɗan hannu mai taya da ke bin bayan lens. Faɗuwa ɗaya ko jijjigar babur tana iya gusar da shi. Ka kai lens ƙarshen nesa, ka auna wata da daddare, ko hasumiyar masallacin Sultan Bello daga can nesa. Dole su haɗu cif. Sannan ka gwada kusa, mita 1 da tef ɗin awo, don nesa kan yi daidai kusa ta kauce, kuma sai ka buɗe ƙofar lens sosai, wato f/2, abin zai tona kansa, idon mutum a hoto ya dushe kunnensa ya fito tar.

Na ce marasa batir, to a bambance. Leica M6 ta 1984 tana da batir amma na ma'aunin haske ne kawai, ko ya mutu tana harbawa. Yashica Electro 35 kuwa da batir take rayuwa, ba ta cikin wannan lissafi. In Zorki 4 ce ta faɗo hannunka, sai ka ɗana kafin ka canza gudu, in ba haka ba ka cusa mata matsala.

Ajiya: kar a bar ta cikin jakar fata da damina, watan Agusta fumfuna ke cin gilashi. Robar abinci mai murfi, da 'yan ƙunshin silika masu shanye laima, kuma duk wata ka fito da ita ka harba kowane gudu. Ita wannan Canon ɗin, ka ce wa mai ita sai ka sa fim guda an wanke ka gani. In gefe ɗaya na hoton ya yi duhu a gudun 1/1000 na daƙiƙa, labulen ba sa tafiya tare, ka cire kuɗin gyara daga farashin.