Su wa suka yi fim ɗin Excalibur na 1981?

Malam, ka yi tambaya kan waɗanda suka fito a tsohon fim ɗin almarar Sarki Arthur na Birtaniya da jarumansa, mai sulke masu ƙyalli. Excalibur kake nufi, na 1981. John Boorman ne ya ba da umarni, kuma a ƙasar Ireland aka ɗauke shi, har da gidan sarauta na Cahir.

Nigel Terry ne Arthur, tun yana saurayi har ya yi furfura. Helen Mirren ta fito a Morgana, 'yar'uwar Arthur, Nicol Williamson kuma boka Merlin, da wata hular ƙarfe manne a kansa kamar an zuba masa azurfa. Ka duba da kyau, za ka ga Liam Neeson a matsayin Gawain, ɗaya daga jaruman Arthur, da Patrick Stewart, tun duniya ba ta san su sosai ba.

Amma ni wanda ya fi burge ni shi ne Terry English, maƙerin da ya ƙera sulken nan da alminiyum. Alex Thomson, mai ɗaukar hoto, ya riƙa haska su da koren haske, har dajin ya zama kamar mafarki. Aikin nan ne ya kai sunan Thomson takarar kyautar fina-finai ta Oscar.