Tambaya da amsa: Filina awon igiya ne, an shafa wa maƙwabta jan fenti, in yi sauri in tare?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, dan Allah a taimaka min da shawara, kwana uku ke nan bana iya barci. Shekara biyu da suka wuce na sayi fuloti a bayan gari nan Kano, can ɓangaren Kumbotso, awon igiya ne, ƙafa 50 da 75, akwai takardar ciniki da hatimin mai unguwa da shaidu huɗu. Dillalin da ya haɗa mu yace gwamnati na dab da kawo titi da wuta wajen, shi yasa har babur ɗina na sayar na cika kuɗin. Yanzu gini ya kai linta sai ga shi an zo an shafa jan fenti a gidaje uku na layinmu, nawa dai ba a taɓa ba tukuna. Abokaina suna cewa in yi sauri in rufa in tare, wai in da mutum a ciki ba a rushewa, ko an rushe ma dole a biya diyya. Gaskiya ne? Sannan duk gadojin nan da ake ta yi a cikin gari, tsarin zai iso irin unguwanninmu kuwa ko an manta da mu?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya yaye maka wannan damuwa. Kafin komai ka sallami birkila, kar ka sake ɗora bulo ko ɗaya, kar ka sayi kwano, kar ka ci bashi don rufi, sai ka san mene ne aka zana a kan wajen nan a taswirar gwamnati. Jan fenti ba kullum yake nufin rusau ba, wani lokacin kira ne kawai a zo a nuna izinin gini, amma gidaje uku a jere a layi ɗaya, to ni dai da na daɗe ina aikin tsara gari hankalina yana tafiya ne kan hanya ko magudanar ruwa da aka shata ta bi ta nan.

Bari in fara da tambayarka ta ƙarshe don ita ce mai sauƙi. Aiki an yi a Kano, wanda ya ce ba a yi ba son zuciya ne. Gadar Ƙofar Nassarawa da ta ƙasa ta Gadon Ƙaya da ta Kabuga a zamanin Kwankwaso, ta Dangi da ta Hotoro da ƙarasa doguwar ta Sabon Gari a zamanin Ganduje, ga gwamnatin Abba ta kama Tal'udu da Ɗan Agundi. Sai dai duk waɗannan maganin cunkoso ne a inda gari ya riga ya cika. Inda garin yake girma a yau, wato gefen Kumbotso da Ungogo da Gezawa da Dawakin Kudu, can igiyar dillali ta fi safiyon gwamnati gudu nesa ba kusa ba. Babban tsarin gari da har gobe ake kafa misali da shi, na wani masanin tsara gari mai suna Trevallion, an yi shi ne don shekarun 1963 zuwa 1983, a ƙidayar 2006 kuwa ƙananan hukumomi takwas na ƙwaryar birni sun kai mutum wajen miliyan 2.8, balle yanzu. Ruwa ma haka, matatar Tamburawa lita miliyan 150 aka gina ta ta bayar a rana, Watari miliyan 75, amma kai ka san wa ke shayar da unguwarku, 'yan garuwa ne da bohol ɗin maƙwabci. Saboda haka in dillali yace maka titi na tafe, ka tambaye shi a kasafin kuɗin wace shekara ya gani.

To yanzu mu zo kan maganar abokanka, don wallahi ita ce maganar da ta fi ci min rai a wannan aiki, kusan kullum sai wani ya zo min da ita, kuma ta talauta mutanen da ba zan iya ƙirgawa ba. Wai takardar mai unguwa ta isa, wai ka yi gini da sauri ka tare shi ke nan ka tsira. Ƙarya ce.

Takardar da ke hannunka shaida ce cewa ka ba wane kuɗi shi kuma ya ce ya bar maka wajen, iyakarta ke nan. Tana da amfani, in gobe magadan mai gona suka taso ko aka sayar wa mutum biyu fuloti ɗaya, ita za ka nuna, kuma ban raina masu unguwanni ba, iyayenmu ne, su suka san gonar wane ta tsaya a ina. Amma mai unguwa ba shi da taswirar da ke nuna inda titi zai bi nan da shekara goma, ba a ajiye ta a zaurensa. Tun 1978 Dokar Amfani da Ƙasa ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana, filin da ke cikin yankin da aka ayyana birni shi ke bayar da haƙƙin zama a kai, kuma ko wanda yake da C of O, wato takardar shaidar mallaka ta gwamnati, in zai sayar sai da amincewar gwamna cinikin yake cika a idon doka. Ƙaramar hukuma tana da hurumi ne a filayen karkara, mai unguwa kuwa dokar ba ta ba shi ikon mallaka wa kowa ƙasa ba. Kuma ko C of O ɗin kake da shi, shi ma ba izinin gini ba ne, abu biyu ne daban da mutane suke cakuɗawa, mallaka tana wajen ma'aikatar ƙasa da KANGIS, hukumar da ke adana bayanan filaye na jihar Kano, izinin gini yana wajen KNUPDA, hukumar tsara birane ta jiha, su za su duba zanenka su ga ka bar ratar da ya kamata tsakaninka da hanya, ba ka hau kan lambatu ba.

Abin da yake faruwa a bayan gari kuwa ga shi. Gwamnati ta karɓi gonaki shekarun baya don ta yi awo, ta biya manoma ko ta ba su kasonsu na fulotai, sai aka canza gwamnati fayil ya kwanta, ba a kafa duwatsu ba ko an kafa an tumɓuke, ciyawa ta rufe wajen, sai 'ya'yan mai gonar ko wani mai wayo ya dawo da igiya ya yanka hamsin-hamsin ya sayar, har da wajen da aka ware wa makaranta da maƙabarta da hanya, don shi a wajensa duk ƙafa ɗaya da ya bar wa hanya asara ce. Shi yasa za ka shiga unguwa sabuwa fil, gidaje masu tayil da get na ƙarfe, amma lungun ko a daidaita sahu ba ya juyawa, motar kashe gobara sai dai ta tsaya a bakin titi tana kallon hayaƙi, na taɓa zuwa jana'iza a irin wannan unguwa da sai da aka karkata makara kafin ta fita daga lungu. Dillali ya karɓi la'adarsa tuntuni ya koma wata gonar.

Batun diyya kuma, a nan ne ake yaudarar mutane sosai. Eh doka ta ce in gwamnati ta soke haƙƙin mutum don amfanin jama'a ta biya shi, amma na me? Na abin da ya kashe a kan ƙasar, gini da shuka, kuma ga wanda yake da haƙƙin da doka ta sani. Wanda ya yi gini a kan wajen da aka riga aka biya diyyarsa, ko a kan hanya, ko bayan an ba shi takardar dakatarwa, wannan in an ba shi wani abu tausayi ne ko siyasa, ba haƙƙi ba, kuma ba a gina gida a kan tausayin gwamnati. Gini bayan jan fenti ma ƙara ɓata maka hujja yake, don za a ce an gargaɗe ka ka ƙi ji. Su kuma masu cewa in ka tare ba a rushewa, su gaya min a ina suka ga katafila ta juya don ta hango labule a taga? Abin da tarewar take ƙara maka shi ne ranar da za a zo, maimakon ka yi asarar bulo da rodi kaɗai, sai ka yi asarar kwano da silin da wayarin, ga iyali da katifu a waje.

Ka tuna rusau ɗin watan Yunin 2023, shagunan Filin Idi da ginin da aka yi a filin tsohon otal ɗin Daula da sauransu. Mutane da yawa darasin da suka ɗauka shi ne ai ko mai takardar gwamnati ma an rushe shi, to meye amfanin takarda? Ni kuma abin da na gani daban ne, masu shagunan Filin Idi sun iya zuwa babbar kotun tarayya har ta yanke a biya su naira biliyan 30, daga baya aka sasanta a kan biliyan 3, ko ba komai sun samu abin da za su tsaya da shi gaban alƙali. Kai in aka rushe naka yau, da me za ka tsaya?

Kuma fa ba duk ja da gwamnati ba ne, wani ja da ruwa ne. Kududdufan da kakanninmu suka bari a cikin gari su ne suke shanye ruwan damina, an cike su da shara an yanka an sayar, ruwa kuma ba ya manta hanyarsa. A watan Agustan 2022 kowa ya ga yadda ruwa ya shiga Kantin Kwari ya jiƙa dilolin atamfa da shadda, kuma gine-ginen da aka ɗora kan magudanan ruwa na cikin abin da ya jawo. Haka masu gini ƙarƙashin babbar wayar wuta, ƙa'ida ita ce a bar mita 25 kowane gefe a layin 330kV, mita 15 a na 132kV, amma je ka gani, har da masu ɗora bene. Wanda ya toshe hanyar ruwa ya tura shi ɗakin maƙwabcinsa, ko hukuma ba ta kama shi ba haƙƙin yana wuyansa, mu ji tsoron Allah, mai yanka hanya ya sayar shi ma haka, kuɗin ba za su yi albarka ba.

Ban wanke hukuma ba fa. Da neman izinin gini abu ne da talaka zai shiga ya fito cikin sati biyu da kuɗin da aka rubuta a bango, da rabin wannan matsala babu ita. Na taɓa raka wani dattijo wani ofis, sai da muka yi sawu bakwai a kan fayil ɗaya, yau oga ya fita, gobe ba a ga fayil ba, jibi a kawo na goro. Sannan ana kallo a haƙa fandisho, a kai linta, a rufa, ba wanda ya ce uffan, sai unguwa ta cika a zo da fenti. Laifi ne babba, amma laifinsu ba zai hana a rushe naka ba.

Abin yi yanzu, ka je wajen maƙwabtan da aka shafa wa fentin ka karanta abin da aka rubuta a bangon, yawanci akwai sunan hukumar da ranar, ka tambaya ko an bar musu takarda. Ka nemi safiyo mai rajista, ba yaron dillali mai tef ba, ya ɗauko maka lambobin kusurwa huɗu na filin, ka kai ma'aikatar ƙasa a ɗora a taswira a gaya maka ko wajen yana cikin wani awo na gwamnati, ka biya kuɗin a banki ka riƙe rasit, kar ka ba kowa a hannu. Kuma gara ku tafi a ƙungiyance ku 'yan layin duka tare da mai unguwa, an fi sauraron mutum ashirin a kan mutum ɗaya, wani lokacin ma maganar takan ƙare ne a kan kowa ya ja katangarsa baya ƙafa biyar ko goma a fitar da hanya. In ya fito ba abin da ya hau kanka, ka fara neman takardar mallaka da izinin gini kafin rufi. In kuma ya fito a tsakiyar hanya kake, to wanda ya sayar maka shi za ka nema, a nan ne takardar mai unguwa da shaidun nan huɗu za su yi maka rana, ka yi mata hoto ka adana asalin, kar ka miƙa wa kowa ita ko da an ce za a duba a dawo maka da ita.