Amsar Goggo kan Gaisuwar Zaɓi Sonka

'Yata, kin tambaye ni me ya sa a da mutane suke kashe kuɗi su gai da ɗan'uwa ta rediyo, alhali ga wasiƙa. To, wasiƙa mutum ɗaya ke karanta ta. Gaisuwar rediyo kuwa a gaban Arewa duka ake yin ta, kowa ya shaida ba ki yar da naki ba.

Sanda aka kawo ni Bauchi daga Azare, ko labarin wayar hannu babu, sai 2001 ta fara yaɗuwa a ƙasar nan. Matar aure kuma ba ta fita sai da dalili. Akwatin rediyo ne ƙofarmu. Rediyon Kaduna, da aka buɗe a 1962 zamanin Sardauna, ita muke kamawa a gajeren zango mita 49, a ja eriya, a yi ta murɗawa har shuuu ɗin ya lafa. Bayan an ƙirƙiro jihar Bauchi a 1976 muka samu tashar jiha, amma kunnenmu ya riga ya saba da Kaduna.

Kati ake saye, a rubuta sunaye, a manna kan sarki, yaro ya kai gidan waya, sai ki zauna jira. Wurin jera sunayen nan ake gane tarbiyyar mutum. Iyaye ne farko, sai surukai, sai yayye, ƙawaye can ƙarshe. Ba a kama sunan miji, maigida za a ce, ɗan fari ma sai dai a sakaya. Mai kishiya kuwa in ta tsallake abokiyar zamanta, to ta kunna wutar da sai uwar miji ta shigo kafin ta mutu. Wasu har laƙabi suke yi wa kansu, su yi suna daga Misau har Zariya ba wanda ya taɓa ganin fuskarsu.

Waƙar da kika zaɓa ma magana ce. In amarya ake taya murna, a nemi ta Barmani Choge. Dattijo kalangun Shata yake so, direbobi da 'yan tasha kuntigin Ɗan Maraya Jos, samari kuma gurmin Haruna Uji ko ta Indiya. Ba a iya maimaitawa, in ta wuce ta wuce, shi ya sa har daka ake tsayarwa in an fara shirin. Batir in ya yi sanyi a shanya shi a rana, wai ya farfaɗo.

Na yanzu ina saurare, ba na ce babu daɗi ba. Amma mutum ya bugo waya, kafin ya gama sallama an ce ya rage muryar rediyonsa, ya gai da abokai goma ya manta uwarsa, layi ya katse.

In za ki gwada, ki fara da babanki. Ki gai da mutan gidan.