Sayen adireshi don samun lambar CPR a Danmak

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Na samu aiki a wani kamfani a Kopenhagen, izinin zama ya fito, wata mai zuwa zan taso daga Kano. Amma maganar masauki ta hana ni barci. Na samu ɗaki mai sauƙin kuɗi, sai mai gidan ta ce ba ta yarda in yi rajistar CPR, wato rajistar mazauna ƙasar Danmak, da adireshinta ba. Wani ɗan garinmu da ya daɗe a can ya ce ba komai, kowa haka yake yi, zai haɗa ni da wanda zai ba ni adireshi ina biyansa wani abu duk wata, ni kuma in kwana inda na samu. In karɓa? Kuma me zan fara yi idan na sauka?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya sanya albarka a aikin. Kada ka karɓa, kuma kada ka kama wannan ɗakin.

Ka riga ka san cewa idan ba lambar CPR, ba katin asibiti, kuma banki da MitID, wato shaidar shiga shafukan hukuma da na banki ta intanet, ma sai sun wahalar da kai. Abin da mutanenmu suka kasa ganewa shi ne, rajistar ba ta lamba kaɗai ba ce, shaida ce kake ba hukuma cewa ga inda kake zaune. A dokar CPR, adireshinka shi ne inda kake kwana yau da gobe kuma kayanka suke. Wanda ya rubuta wani wuri daban ya yi wa hukuma ƙarya, kuma akwai tara a kansa. Wannan magana ta "kowa haka yake yi" ta ishe mu. Kullum sai an watsa ta a zaurukan WhatsApp, kuma masu watsa ta ba su ne za su amsa tambaya ba ranar da wasiƙar ƙaramar hukuma ta iso.

Ka tsaya ka tambayi kanka dalilin da zai sa mai gida ta ƙi a yi rajista a gidanta. Galibi ɗaya ne daga cikin waɗannan: ita ma haya take, ta ba da ɗakin ba da sanin mai ginin ba, ko tana karɓar tallafin haya daga gwamnati, wanda zai ragu idan an ga wani mai albashi a gidan, ko ba ta bayyana kuɗin hayar ga hukumar haraji, ko ɗakin na ƙarƙashin ƙasa ne da ba a amince mutum ya zauna a ciki ba, ko gidan ya cika, domin a manyan birane ƙa'idar ita ce kada a wuce mutum biyu a kowane ɗakin zama. Duk wanda ka ɗauka a ciki, matsalarta ce take son ka ɗaukar mata. Kuma ba ta da ikon hana ka, domin rajistar wajibi ce a kanka. Ranar da ta gaji da kai ta fitar maka da jaka tsakiyar hunturu, da wace takarda za ka nuna ka taɓa zama a gidan?

Shi kuma mai sayar da adireshin, wuyanka ka miƙa masa. Katin izinin zamanka da katin asibitin nan mai ruwan ɗorawa duk akwatin wasiƙarsa za a jefa su. Idan ya ƙara kuɗi, dole ka biya. Idan kun saɓa, zai sanar da hukuma cewa ba ka gidansa, a buɗe bincike. Kuma kada ka ɗauka nan irin wurin da fayil yake ɓacewa a ofis ne. Rumbunan bayanan haraji, tallafi da gidaje a haɗe suke, kuma doka ta ba ƙaramar hukuma damar neman bayani daga mai gida da kamfanonin wuta da ruwa. Gida mai ɗaki biyu da aka rubuta mutum shida a ciki ba ya buƙatar ɗan tsegumi kafin a lura da shi. Kai baƙo ne mai izini na ɗan lokaci. Zaman dindindin yana buƙatar shekara 8 a ƙa'ida, ko 4 ga wanda ya cika ƙarin sharuɗɗa, kuma duk tsawon lokacin tarihin adireshinka yana nan a rubuce. Me zai sa ka ɓata shafin farko?

Ina kira ga waɗanda suka riga suka zauna a can, ku ji tsoron Allah game da sababbin zuwa. Mutum ya bar iyali, wataƙila ya ci bashi, ya amince da ku saboda yare ɗaya, ku kuma ku ɗora shi a kan hanyar da in ta ɓaci shi kaɗai zai kwana a ciki.

Ga abin da za ka yi. Tun kana Kano ka rubuta wa ma'aikatarka cewa kana buƙatar masaukin da za a iya rajistar CPR da shi, ko na wata uku ne. Kamfanoni da jami'o'i sun saba da wannan buƙata. Ka faɗaɗa nema zuwa garuruwan da jirgin ƙasa ke bi, irin su Roskilde, Køge da Hillerød. Kada ka tura ko kurona ɗaya kafin kai ko wani amintacce ya shiga ɗakin da ƙafarsa, kuma ana iya duba sunan mamallakin gida a shafin tinglysning.dk. Ka biya ta banki kawai, bayan sa hannu a yarjejeniya. Doka ta ƙayyade kuɗin ajiya kada ya wuce hayar wata 3, kuɗin haya na gaba shi ma wata 3, ga hayar watan farko, wato ka shirya har ta wata 7 a hannu. Da ka shiga, kana da kwana 14 ka rubuta wa mai gida duk lahanin da ka gani. Ɗauki hoton kowane tabo a bango da ƙarzuwa a daɓen katako, domin daga nan ake cinye kuɗin ajiyar mutane. Idan rigima ta taso, akwai kwamitin sasanta haya, Huslejenævnet.

Rajistar kanta, ka nemi lokaci a International House Copenhagen, cibiyar da ke yi wa baƙi rajista, ko Borgerservice, ofishin hidimar jama'a na ƙaramar hukumarka, da fasfo, takardar izini daga SIRI (hukumar da ke ba baƙi izinin aiki da zama) da yarjejeniyar haya. Idan ɗaki ne a gidan wani, za a iya neman takardar shaidar mai masauki. Duk sanda ka sake gida, ka sanar cikin kwana 5.

Katin haraji kada ka jira shi ya zo da kansa, ka nema a skat.dk, shafin hukumar haraji. Idan albashi ya fita babu shi, ma'aikata za ta cire kashi 55 cikin 100, kuma dawo da rarar yana ɗaukar lokaci. Sai MitID, sai asusun banki, ka mai da shi NemKonto domin nan hukuma take biyan kuɗi. Ka riƙa buɗe Digital Post, akwatin wasiƙun hukuma na intanet, duk mako, domin wasiƙar da ta shiga nan an ɗauka ta same ka, ko ka karanta ko ba ka karanta ba. Izinin aikinka kuma a ɗaure yake da wannan ma'aikatar, kada ka sauya aiki ko ka ƙara wani a gefe ba ka tuntuɓi SIRI ba.

Ranar da ka karɓi makulli, ka sauka ƙasan bene inda akwatunan wasiƙa suke jere, ka manna sunanka a naka, daidai yadda yake a fasfo. Idan mai raba wasiƙa bai ga sunan ba, zai mayar da katinka inda ya fito, ka sake jiran makonni.