Amsa ga ƙanenmu da zai tafi aikin gayya ƙasar Cadi

Salamu alaikum. Ƙanena, na ga tambayarka: za ku tashi daga Garwa ta Kamaru a watan Maris ku je wani ƙauye kusa da garin Mongo, a yankin Gera na Cadi, ku gina ajujuwa biyu, mako uku, kana son sanin abin da za ka zuba a jaka. Allah ya ba ku lada. Na yi irin wannan tafiya sau biyu, kuma ta farko ta koya mini hankali.

Ka fara da hannunka da ƙafarka. A tafiyata ta farko na cika jaka da manyan riguna, safar hannu kuwa ɗaya tak na ɗauka, ita ma ta yadi. Kwana uku muna kwaɓa siminti muna buga bulo, yatsuna suka tsattsage har alwala ta zame mini wahala. Siminti mai ruwa cin fata yake yi a hankali, ba za ka ji ba sai dare ya yi. Ka nemi safar hannu mai roba a tafin, aƙalla uku, da man kaɗanya na shafawa bayan an tashi aiki. Takalmi kuma rufaffe mai ƙwarin ƙasa, wanda ka riga ka saba da shi. Sabo zai yi maka kanta, silifa kuwa ƙusa za ta huda shi. Kullum da safe ka zazzage shi kafin ka sa ƙafa, saboda kunama. Kuma kafin ka tashi ka je asibiti a duba maka rigakafin tetanus da na sanƙarau, don lokacin zafi ne sanƙarau yake yawo a yankinmu.

Zafin Maris da Afrilu a Gera yana wuce digiri 40, ga duwatsu suna mayar da shi. Riga mai dogon hannu ta auduga, mara nauyi, guda uku ta isa. Ka sayi rawani irin nasu, kadamul, ya fi hula: yana tare rana, yana tare ƙura, ka jiƙa shi ka ɗora a wuya. Ruwa shi ne babban lamari. Ka tafi da gorarka da ƙwayoyin tsarkake ruwa, ko ku riƙa tafasawa. Mutanen gari sun saba da rijiyarsu, cikinka bai saba ba. Ka sa ƙullin ORS, wato haɗin gishiri da sukari na masu gudawa, guda goma a jaka. In ya ƙare, lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Wannan haɗin ne ya tayar da wani abokin tafiyarmu da gudawa ta kwantar kwana biyu.

Gidan sauro, tabarma, buta, tocila da ƙaramin sola na cajin waya, don wuta kada ma ka sa rai.

Takardu: katin shaida ko fasfo, katin rigakafin shawara, da wasiƙar gayyata daga masu karɓarku. A gadar Ngeli, tsakanin Kusiri da Njamena, da shingayen hanya za a tambaye ka, don haka ka yi kwafi ka ajiye daban. Kuɗinmu ɗaya ne, sefa, amma ka canjo ƙananan takardu na 500 da 1000, a ƙauye ba mai canjin 10,000. Layin MTN da Orange ba za su yi maka amfani sosai ba, ka sayi Airtel ko Moov a Njamena, ka tambayi mutanen ƙauyen wanne ne yake kamawa wajensu.

Shebur, diga da baro ku saya a can, kada ku wahalar da kanku. Cokalin gininka da tef ɗin awo kawai za ka ɗauka.

Abin da na fi so ka ji: ka bar wuri a jaka don ganyen shayi, sukari da goro na gaisuwar mai gari da limami. Ka koyi gaisuwa da Larabcin Cadi tun daga mota. Akwai magina a ƙauyen da suka san ƙasarsu da inda iska ke bugowa, ka tambaye su kafin a haƙa tushe. Mu da muka yi gaban kanmu, sai da muka sake juya ƙofar aji ɗaya bayan an kai linta.