Me ya sa wutar roka ke bajewa idan ta yi sama?

Tambaya: Salam. Na kalli bidiyon harba Falcon 9, a ƙasa wutar siririya ce amma da ta yi nisa sai ta baje kamar lema. Kuma na ji wai akwai injin da ke daidaita kansa da tsayi, to in ya fi kyau me ya hana a yi ta amfani da shi?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, ka lura da abu mai muhimmanci. Bakin injin roka, wannan mazurarin da ke buɗewa ta ƙasa, aikinsa ya bar hayaƙi mai zafi ya faɗaɗa ya ƙara gudu. Turi ya fi kyau idan matsin hayaƙin a bakin fita ya zo daidai da matsin iskar waje, matsalar kuwa iskar waje ba ta tsayawa wuri ɗaya, a doron ƙasa tana da nauyi, kana hawa tana raguwa har ta ƙare. Bajewar da ka gani ƙarfi ne ke zubewa ta gefe saboda mazurarin ya yi wa hayaƙin kaɗan a can sama.

Za ka ce to a yi babba mana tun farko. Ai nan ne gizo ke saƙar, babban mazurari a ƙasa iskar waje ce za ta kutso ciki ta ɓamɓare hayaƙin daga bango, kuma ba daidai take ɓamɓarewa ba, sai injin ya dinga jijjiga yana bugun gefe har ya iya lalacewa. Mota mai giya ɗaya ke nan, duk wadda ka zaɓa akwai inda za ta cuce ka.

Duba Merlin, injin Falcon 9 na kamfanin SpaceX. Na matakin farko, wato sashen rokar na ƙasa da ke fara ɗaga ta, girman filin bakinsa ya ninka na maƙogwaronsa (inda mazurarin ya fi tsukewa) sau 16, na mataki na biyu da ke aiki inda babu iska kuma sau 165. Ma'aunin cin moriyar mai, wanda ake lissafawa da daƙiƙa, na farkon yana ba da kusan 282 a ƙasa, na biyun kusan 348. Tazarar ba wasa ba ce wallahi.

Injin da ka ji labari shi ne aerospike. An juya mazurarin ne ciki ya koma waje, hayaƙin na bin jikin wani tsini a tsakiya, iskar waje ita ce ɗaya bangon, idan tana da nauyi ta matse shi, idan ta ragu ya buɗe da kansa ba sai wani ƙarfe ya motsa ba. Kamfanin Rocketdyne na Amurka ya gwada shi tun shekarun 1960, daga baya ya ƙera XRS-2200 don kumbon X-33 na NASA da Lockheed Martin, an kunna injin a cibiyar Stennis ta NASA ya yi aiki, amma aka soke shirin a 2001, tankin mai ne ma ya ba su ciwon kai ba injin ba. Akwai kuma mai mazurari hawa biyu da DLR, cibiyar binciken sararin samaniya ta Jamus, ta daɗe tana gwadawa, a ƙasa hayaƙi ya tsaya a hawan farko, a sama ya cika na biyu, sai dai lokacin tsallakawar ne ke da rigima.

Ni dai a ganina abin da ya kashe wa aerospike kasuwa roka mai mataki biyu ce. Falcon 9 minti biyu da rabi kacal take yi ta yar da matakin farko ta kunna injin da aka yi don sama, kusan ta magance matsalar a arha. Shi kuwa tsinin nan a tsakiyar wuta yake zaune, sanyaya shi aiki ne ja, ga nauyi, ribar da ka samu a mai sai ka mayar da ita a ƙarfe da bututu. Inda zai yi rana shi ne injin da ke ci tun daga ƙasa har kusan falaki, irin RS-25 na kumbon Space Shuttle ko Vulcain na rokar Ariane ta Turai, ko kumbo mai mataki ɗaya tal. Har yanzu dai babu rokar da ta kai kaya falaki da aerospike.